Labarin da Ke Rayarwa da Labarin da Ke Halakarwa: Wasannin Talabijin da Matasan da Ke Kashe Kansu

Muna farawa da sunan Allah, muna gode Masa bisa ni'imar rai da ni'imar Musulunci, da ni'imar riskar wannan wata mai alfarma. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi maza da mata, na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai da sauran garuruwa da ƙauyuka, maganar da muka ɗauko yau magana ce mai nauyi, wadda harshe ba ya son furta ta, kunne kuma ba ya son jin ta. Ita ce maganar yaro ko yarinya da ke kashe kansa, da hannun da wasannin kwaikwayo na talabijin da na salula suke da shi a cikin wannan musiba. Wani zai ce, me ya kawo wannan zance cikin azumi? To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A wannan wata ne iyali suka fi taruwa gaban talabijin bayan shan ruwa, a cikinsa ne kuma samari suke raba dare a fada daga bayan asham har sahur, kowa da salularsa a hannu. Abin da muke so ku riƙe tun daga farko shi ne: labarin baƙin ciki yana iya zama magani, yana kuma iya zama guba, bambancin yana ga yadda aka tsara shi da kuma halin wanda ya kalle shi.

Girman al'amarin

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa mutane fiye da 700,000 ne suke mutuwa ta hanyar kashe kansu a kowace shekara. A lissafinta na shekarar 2021, wannan shi ne sanadi na uku mafi ɗaukar rayukan matasa masu shekara 15 zuwa 29. Kada kuma wani ya ce ai wannan ciwon Turawa ne, domin kusan kashi uku cikin huɗu na waɗannan rayuka a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali suke salwanta. Mu kuwa a Nijar kusan rabin jama'armu yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Duk abin da ya taɓa zuciyar yaro, ya taɓa rabin ƙasa ke nan. A wurinmu idan irin wannan ta auku akan rufe ta saboda kunya, a yi jana'iza a watse. Suturta mamaci abu ne mai kyau, amma shirun da ke biyo baya ba ya hana abin sake aukuwa a gidan maƙwabci.

Hukuncin shari'a a taƙaice

Babu saɓani tsakanin malamai cewa kashe kai haramun ne, kuma yana cikin manyan zunubai. Rai amana ne, Wanda Ya ba da shi ne kaɗai ke da ikon karɓarsa. Allah Ya hana mu kashe kawunanmu a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i, kuma abin lura shi ne, rahamarSa gare mu Ya ambata a ƙarshen ayar. Hani ne irin na mai jin ƙai, kamar yadda uwa take fizge hannun ɗanta daga garwashi. Hadisai ingantattu a Bukhari da Muslim sun zo da narko mai tsanani a kan wannan aiki, har ma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya yi burin mutuwa saboda wata cuta da ta same shi.

Tare da haka, malaman Sunna ba su fitar da wanda ya aikata wannan daga Musulunci ba. Imamu Malik ya tafi a kan cewa ana yi masa salla kamar sauran Musulmi. Muslim ya ruwaito labarin wani mutum daga ƙabilar Dausu da ya yi hijira zuwa Madina tare da Ɗufailu ɗan Amru, ciwo ya tsananta masa, haƙurinsa ya ƙare, ya yi wa kansa abin da ya zama ajalinsa. Daga baya Ɗufailu ya gan shi a mafarki cikin kyakkyawan hali, an gafarta masa saboda hijirarsa, Annabi kuma ya roƙa masa gafarar abin da ya saura. Mun kuma sani an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Saboda haka mu riƙe abu biyu tare: aikin haramun ne, babu sassauci a cikinsa, makomar mutum guda kuwa tana hannun Allah.

Abin da masu bincike suka gano

Allah Ya umarce mu da tambayar ma'abota sani, kuma kowane fanni da mutanensa. Likitoci da masana halayyar ɗan Adam a ƙasashen da suke rubuta sanadin kowace mutuwa sun daɗe suna bin diddigin wannan al'amari. Ga abin da suka gano.

A shekarar 1774 wani marubucin Jamus mai suna Goethe ya fitar da littafin labarin wani saurayi, Werther, wanda ya kashe kansa saboda wadda yake so ta zama matar wani. Littafin ya karɓu ƙwarai, samari suka riƙa kwaikwayon tufafin saurayin, aka kuma riƙa ba da labarin waɗanda suka kwaikwayi ƙarshensa, har hukumar birnin Leipzig ta hana sayar da shi a 1775. Shekara 200 bayan fitowar littafin, a 1974, wani masani Ba'amurke mai suna David Phillips ya bi lissafin mace-mace, ya ga cewa idan manyan jaridu suka buga labarin wanda ya kashe kansa a shafin farko, adadin masu yin haka yakan ƙaru jim kaɗan bayan bugawar. Wato abin yana naso kamar yadda cuta take naso.

Sai kuma talabijin. A farkon shekarar 1981 tashar ZDF ta Jamus ta nuna wani wasa mai kashi shida a kan wani ɗalibi ɗan shekara 19 da ya kashe kansa. Nufin masu shirin alheri ne, so suke iyaye da malaman makaranta su farga. Amma a farkon kowane kashi sai a sake nuna yadda yaron ya mutu. Masana biyu, Schmidtke da Häfner, suka bi lissafi, suka tarar cewa cikin kwana 70 daga fara nuna wasan, adadin samari masu shekara 15 zuwa 19 da suka mutu ta irin hanyar da aka nuna ya ƙaru da kashi 175 cikin 100, wato ya kusa ninka uku. Da aka maimaita wasan a 1982, adadin ya sake tashi. Ku lura da kyau: waɗanda abin ya fi ci su ne waɗanda suka yi kama da yaron wasan a shekaru da jinsi. Ku kuma lura cewa kyakkyawar niyyar masu shirin ba ta hana ɓarna ba.

Na kusa-kusa shi ne abin da ya faru a Amurka. Ranar 31 ga Maris 2017 kamfanin Netflix, mai nuna fina-finai ta intanet, ya saki wani wasa mai suna 13 Reasons Why, ma'ana dalilai goma sha uku. Labarin wata ɗalibar sakandare ne da ta kashe kanta, ta bar kaset-kaset da muryarta, tana lissafa mutanen da ta ɗora wa alhakin mutuwarta ɗaya bayan ɗaya. A kashin ƙarshe aka nuna mutuwar tata filla-filla har kusan minti uku. Cikin kwana 19 na farko, tambayoyin da mutane suke yi wa Google a kan kashe kai suka ƙaru da kashi 19 cikin 100, wasu suna neman taimako, wasu kuwa suna neman hanya. Wani bincike da aka fitar a 2019 ya nuna cewa a watan Afrilu 2017 adadin yaran Amurka masu shekara 10 zuwa 17 da suka kashe kansu ya haura abin da ake tsammani da kusan kashi 29 cikin 100, kuma ƙaruwar ta fi bayyana a cikin yara maza. Adalci ya sa mu faɗa cewa wasu masanan sun yi jayayya a kan wannan lissafi, suna cewa dama adadin yana hawa tun kafin fitowar wasan. Amma hukumomi ba su jira ƙarshen jayayyar ba. Tun a watan Afrilu 2017 ƙasar Niyu Zilan ta yanke cewa ɗan ƙasa da shekara 18 ba zai kalli wasan ba sai tare da mahaifi ko mai kula da shi. A watan Yuli 2019 kuma kamfanin da kansa ya yanke wurin da aka nuna mutuwar, bisa shawarar likitoci.

Waɗannan duka a ƙasashe masu nisa suka faru, amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Salula ba ta san iyakar ƙasa ba, kuma zuciyar ɗan shekara 16 iri ɗaya ce a Jamus da a Tasawa.

Ta ina labari yake shiga zuciya?

Wani zai ce, ai wasa ne, kowa ya san shiri ne. Gaskiya ne, mafi yawan masu kallo za su kalla su tashi lafiya. Yaron da zuciyarsa take kwance, wanda yake da mai saurarensa a gida, ba wasa ɗaya ne zai kai shi ga halaka ba. Haɗarin yana kan yaron da dama yake ɗauke da kaya a zuci: wanda aka wulaƙanta, ko ya faɗi jarrabawa, ko aka raba shi da wadda yake so, ko ciwon damuwa ya kama shi ba wanda ya sani. Ruwan sama ɗaya ne yake sauka a kan gari, amma katangar da dama ta tsage ita ce take faɗuwa. Ga irin wannan yaro, labari yakan shiga ta ƙofa biyar.

Ƙofa ta farko ita ce kamanni. Idan yarinyar da ke cikin wasan sa'arta ce, irin damuwarta take ɗauke da ita, to mai kallo ta daina ganin wata, kanta take gani. Daga nan zaɓin da ƴar wasan ta yi sai ya zama ɗaya daga cikin hanyoyin da ke gabanta.

Ta biyu, nuna mutuwa a matsayin ramuwa. Bayan mutuwar sai a nuna uba yana kuka, kishiyar uwa tana nadama, abokai suna cizon yatsa, gari duka yana ambaton mamacin da alheri. Wani lokaci ma muryarsa ko siffarsa tana ci gaba da yawo a cikin wasan, kamar yana kallon nadamar tasu. Wannan ita ce babbar ƙarya. Wanda ya mutu ba ya dawowa ya ga wa ya yi kuka. Ɗan wasan zai tashi ya wanke fuska ya karɓi kuɗinsa, gobe ya fito a wani fim ɗin, yaron da ya kwaikwaye shi kuwa ya tafi ke nan.

Ta uku, nuna hanya. Tunanin da yake yawo a zuciya ba shi da ƙafa har sai an nuna masa da me ake yi, kuma yaya ake yi. Shi ya sa ma ba za ku ji mun ambaci hanya ko ɗaya a wannan karatu ba.

Ta huɗu, taƙaita sanadi. Wasa yakan nuna cewa abu ɗaya ne ya faru, sai mutuwa ta biyo baya, kamar ita ce amsar da ta dace da wannan abu. Likitoci kuwa sun tabbatar cewa abubuwa da yawa ne suke haɗuwa, kuma sau da yawa akwai ciwon zuciya da ƙwaƙwalwa wanda yake da magani.

Ta biyar, nuna manya a matsayin kurame. A irin waɗannan wasanni, yaro yakan je wurin uba ko malami, a kore shi ko a ƙi fahimtarsa. Darasin da mai kallo yake ɗauka shi ne faɗa wa babba ɓata baki ne. Wannan ƙofa ta fi sauran haɗari, domin ita take toshe hanyar tsira.

Ku haɗa wannan da halin da ake kallon. Da can gari ɗaya talabijin ɗaya, ana kallo cikin taro, babba yana gefe yana gyara abin da ya karkace. Yanzu yaro yana kwance cikin duhu shi kaɗai, abin sauraro a kunne, kashi yana bin kashi har asuba, ga kiɗa mai sosa zuciya, ga rashin barci. Masana sun ce sashen ƙwaƙwalwar da ke auna ƙarshen al'amari ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Idan kuma aka ƙara da tramol ko wani abin maye, to an kwance wa doki linzami.

Abin da ake kallo a gidajenmu

A gidajenmu ana kallon fina-finan Kano, da na Indiya waɗanda aka juya zuwa Hausa, da wasanni masu dogon zango na Brezil da Meziko da Turkiyya waɗanda aka juya zuwa Faransanci. Ba mu ce duka ɓarna ne ba. Manyanmu sun san irin gyaran hali da wasannin su Yazi Dogo suka yi a Tele Sahel, ana dariya ana ɗaukar darasi. Har yau akwai masu shirya fim da suke tsoron Allah a cikin sana'arsu.

Amma akwai wata jimla da ta yawaita a wasannin soyayya har kunne ya saba da ita: yarinya ta tsaya gaban iyayenta ta ce in ba a ba ta wane ba za ta kashe kanta, ko saurayi ya ce rayuwa ba ta da amfani in babu wance. Sau da yawa kuma labarin yakan saka wa mai wannan barazana da alheri: a garzaya da ita asibiti, ta farfaɗo, iyaye su sauko, a ɗaura aure, a yi biki. Me yarinya ƴar shekara 14 ta koya a nan? Ta koyi cewa wannan mabuɗi ne da yake buɗe ƙofar da ta ƙi buɗuwa. Ba ta san cewa a rayuwa ta gaskiya da yawa ba sa farfaɗowa ba, wasu kuma sukan tashi da lahanin da zai bi su har kabari. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma wanda yake kwana da wasa kullum, zama yake da mutanen cikinsa.

Labarin da ke rayarwa

Kamar yadda labari yake jawo mutuwa, haka yake iya korar ta, wannan ma masana sun auna shi. A birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, a tsakiyar shekarun 1980, jaridu sun yi ta yayata wata hanya guda ta kashe kai, masu bin ta kuma suna ƙaruwa. A 1987 likitoci suka zauna da ƴan jarida, aka tsara ƙa'idojin ba da irin wannan labari ba tare da zuzutawa ko bayyana hanya ba. Cikin wata shida masu bin wannan hanya suka ragu da fiye da kashi 70 cikin 100. A 2010 kuma wasu masana a wannan birni suka nuna cewa labaran mutanen da suka shiga ƙunci, tunanin mutuwa ya zo musu, amma suka sami mafita suka rayu, suna tafiya tare da raguwar masu kashe kansu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora ga masu shirya fim da wasan dandali: kada a nuna aikin ko hanyarsa, a nuna alamomin gargaɗi, a nuna yadda ake neman taimako, a nuna amfanin dangi da abokai, a kuma nuna mutanen da suka jure suka fita.

Mu kuwa wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Ku dubi ƙissar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wadda Allah Ya siffanta da mafi kyawun labari. Yaro ne ƙarami, ƴan'uwansa suka jefa shi rijiya, aka sayar da shi da kuɗi kaɗan, aka yi masa ƙazafi, aka ɗaure shi shekaru. Babu ɓacin ran da aka ɓoye a cikin surar, har kukan mahaifinsa da ya tafi da ganinsa an ambata. Amma surar tana ɗaukar mai karatu daga rijiya zuwa gadon mulki, kuma a aya ta 87 Annabi Yaƙubu ya hana ƴaƴansa yanke ƙauna daga rahamar Allah.

Ku dubi kuma Nana Maryamu. Lokacin da naƙuda ta kai ta gindin dabino, ita kaɗai, tana tunanin abin da mutane za su ce, sai ta furta fatan da ma mutuwa ta riske ta kafin wannan rana. Allah Ya tsare ta daga cutar da kanta, harshe ne ya fitar da nauyin zuciya. Da me aka amsa mata? Aka rarrashe ta, aka nuna mata ruwa da ɗanyen dabino, aka ce ta ci ta sha ta kwantar da hankali. Babu tsawa, babu zagi. Ya ku iyaye, ga darasinku nan.

Nasiha ga iyaye

Na farko, ku san abin da ƴaƴanku suke kallo. Fasa talabijin ko ƙwace salula da fushi ba ya magani, yaron zai je ya kalla a wurin aboki, kun kuma rasa amanarsa. Ku zauna ku kalla tare da su. Idan aka zo irin wannan wuri, ku tambaya cikin natsuwa: me kuka gani? Da wannan yarinya ƙanwarku ce, me za ku ce mata? Wa ya kamata ta faɗa wa? Ƙananan yara kuwa a nisanta su daga irin wannan kallo gaba ɗaya, kuma a sa lokacin da salula take kwana a wajen ɗakin barci.

Na biyu, ku san alamomi. Yaron da ya janye daga mutane, ya bar abin da yake so, barcinsa da cin abincinsa suka canza har mako biyu ko fiye. Wanda yake cewa ya zame muku kaya, ko gara ba ya duniya. Wanda ya fara rabar da kayansa yana neman gafara ba tafiya ba dalili. Wanda ya daɗe cikin ƙunci sai kwatsam ya yi wata irin natsuwa. Kada ku ce iskanci ne ko neman a kula shi. Ko da neman kula ne, to ku kula shi.

Na uku, ku tambaya kai tsaye. Mutane suna tsoron cewa tambayar za ta sa masa tunanin, masana kuwa sun gwada sun ga ba haka ba ne, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Ka keɓe da shi ka ce: ɗana, na ga kana cikin damuwa, shin tunanin rabuwa da rayuwa yana zo maka? Idan ya ce e, ka riƙe fushinka da tsoronka, ka saurare shi har ya gama. Wa'azin wuta yana da lokacinsa, amma wanda ruwa yake ci hannu ake fara miƙa masa.

Na huɗu, kada a bar shi shi kaɗai, kuma a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi. Magungunan gona da na asibiti a kulle su, mabuɗi yana hannun babba. Wannan guguwa sau da yawa gajeruwa ce, in ta wuce ba a sami abin yi ba, rai ya tsira. Bincike ya nuna cewa kusan tara cikin goma na waɗanda suka gwada suka tsira ba ta wannan hanya suke mutuwa daga baya ba.

Na biyar, a haɗa addu'a da likita. Annabi ya umarce mu da neman magani. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini da ciwon suga, yana kama mai salla da mai azumi, ba alamar raunin imani ba ne, kuma ba kowane ƙunci ne taɓuwar aljani ba. A kai shi gidan likita mafi kusa, su za su tura shi inda ya dace. Babban asibitin ƙasa na Yamai yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Wanda kuwa ya riga ya cutar da kansa, a garzaya da shi nan take, kada kunyar mutane ta sa a tsaya jiƙe-jiƙe a gida.

Na shida, mu rage tsagewar katangar tun kafin damina. Yaron da ya faɗi BEPC ko BAC ya riga ya ji zafi, gorin da za a yi masa gaban ƙannensa ba zai ƙara masa maki ba. Yarinyar da aka yaɗa hotonta ko sirrinta a WhatsApp tana buƙatar gidan da zai rufa mata asiri. Game da aure kuwa, Bukhari ya ruwaito cewa Annabi ya warware auren Khansa'u, wata bazawara daga mutanen Madina, wadda mahaifinta ya aurar ba da sonta ba, ya kuma yi umarni a nemi izinin budurwa. Malaman da suka ba uba ikon aurar da budurwarsa ma ba su ba shi ikon cutar da ita ba.

Ga masu shirya wasanni da masu yaɗa labari

Ku ji tsoron Allah a kan alƙalaminku da na'urarku. Ku ba da labarin baƙin ciki, domin yana cikin rayuwa, amma ku rufe hanya, kada ku ƙawata gawa, kada ku saka wa barazana da biki. Ku nuna mana gwaggon da ta lura, da abokin da ya tona sirri don ya ceci rai, da uban da ya sauko ya saurara tun kafin abu ya ɓaci. Allah Ya sanar da mu a aya ta 32 ta Suratul Ma'ida cewa raya rai guda kamar raya mutane ne baki ɗaya. Haka kuma duk wanda hoton irin wannan mamaci ko wasiƙarsa ta faɗo cikin salularsa, ya goge, kada ya tura. Bai san a hannun wa za ta sauka ba. Iyalan da wannan musiba ta faɗa wa kuwa, a je musu ta'aziyya, a riƙe su, a kula da ƙannen mamacin da abokansa, domin su ne suka fi kusa da haɗari.

Ga ƴaƴanmu matasa

Kai ɗana, ke ɗiyata, idan kana jin wannan karatu kuma ƙirjinka ya yi nauyi har kana ganin babu mafita, ka sani ƙuncin ne yake rufe maka ido, kamar yadda hazo yake rufe gari alhali garin yana nan. Kai ba kaya ba ne a kan kowa. Kada ka kwana da wannan tunani kai kaɗai. Yau ɗin nan ka faɗa wa wani: uwa, ko kawu, ko yaya, ko malaminka, ko limamin unguwarku, ko likita. In na farko bai fahimce ka ba, je ka ga na biyu. Wanda kuma abokinsa ya faɗa masa irin wannan magana ya ce ya riƙe sirri, to wannan sirri ba a riƙe shi. Ka yi azumi ka sani, ƙishirwar la'asar takan sa mutum ya ga kamar rana ba za ta faɗi ba, amma ba a taɓa yin ranar da magariba ta ƙi zuwa ba.

Ya Allah Ka tsare mana ƴaƴanmu, Ka yaye ƙuncin masu ƙunci, Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, Ka jiƙan mamatanmu. Ya Allah Ka ba iyaye kunnen sauraro da tausasan zukata, Ka sa mu cika da imani a lokacin da Ka ƙaddara mana. Allah Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, Ya sa muna cikin ƴantattun bayinSa a wannan wata. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Amin.